Gilashin Kyamarata Ya Yi Fumfuna, Ƙanin Matata Yana Son Saye

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni mai ɗaukar hoto ne, shagona ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani bene. Shekara shida ina aiki da gilashin da ya zo tare da kyamarata a kwali. Ba shi da laifi a rana, amma da an shiga ɗaki sai hoto ya yi duhu, har abokan sana'a suna tsokanata wai fatalwa nake ɗauka. Kuɗin sabo ya fi ƙarfina. Sai na sayar da nawa, na haɗa da abin da na tara, na sayi na hannu wurin wani mai tebur a bakin titi. Ban haska cikinsa ba, sunan kamfanin kawai na duba.

Aikina na farko da shi, wasu 'yan'uwa ne suka kira ni in ɗauke su da mahaifinsu a tsakar gida. Da na buɗe hotunan, fuskar tsohon kamar an hura mata hayaƙi. Kafin in koma in sake ɗauka, Allah ya yi masa rasuwa. Babbar 'yarsa ta karɓi hotunan ta juya ta tafi, kuma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Da na haska tocila a gilashin sai ga fumfuna a ciki kamar saƙar gizo. Mai tebur kuwa ya tashi, ba wanda ya san inda ya koma.

To Malam, ƙanin matata, wanda aka sallama daga aikin tuƙi, yana son shiga sana'ar da kuɗin sallamarsa. Ya gwada gilashin a cikin shagona, inda aibin ba ya fitowa, ya yaba. Ya ce duk abin da Yaya ya zaɓa masa ya yarda. Ban yi masa ƙarya ba, shiru kawai na yi. Idan na sayar masa zan farfaɗo, idan ban sayar ba shagon rufewa zai yi, ga yara huɗu. Jibi zai zo da kuɗin. Shin shirun nan laifi ne?

Mai hoton ƙarƙashin bene

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya jiƙan wannan dattijo, ya yaye maka ƙuncin da kake ciki.

Ban raina damuwarka ba. An zalunce ka, kuma tsoron uba game da abincin 'ya'yansa ba abin zargi ba ne. Amma amsar tambayarka ita ce e. Malaman fiƙihu ba su bambanta mai ƙarya da mai shiru ba a kan aibin da mai sayarwa ya sani, wanda da mai saye ya gani da ya fasa ko ya rage farashi. Algus ne, kuma yana da haƙƙin mayar maka da kayan ranar da ya gano. Naka ya fi nauyi, domin shi ba gilashin ya duba ba, kai ya duba. Ranar farko da ya fita aiki a rana zai gane, 'yar'uwarsa kuma a gidanka take kwana.

Kada ka jira jibi. Ka kira shi gobe, ka miƙa masa tocilar ya gani da idonsa. Sannan ka kai gilashin wurin mai gyara. Fumfunar da ba ta daɗe ba takan goge, amma idan ta ci fuskar gilashin, ka sayar da shi a kan aibinsa, ko nawa aka taya. Kafin nan ka raba shi da kyamarar, ka ajiye inda babu danshi.

Irin gilashinka na farko shi ne mafi araha a kasuwa, domin kowa gudunsa yake yi. Ka koma masa ba tare da jin kunya ba. Shekara shida ya ciyar da iyalinka. Ka riƙa tsayar da mutane kusa da ƙofa ko taga, aikin ɗaki mai duhu kuma ka yi hayar gilashi na yini guda. Idan ƙanin matarka ya amince, ku yi tarayya a shagon bisa sharaɗi bayyananne, da shaidu. Duk ranar da za ka sake sayen na hannu, ka haska shi, ka gwada a rana, ka nemi zaɓin mayarwa na kwana uku.

Ba zan yi maka alkawarin shagon zai tsira ba, wannan ilimin yana wurin Allah. Mai yiwuwa ka sha wuya wata da watanni. Amma shago ana rufe shi a sake buɗewa, mutumin da ya kira ka Yaya ya miƙa maka duk abin da ya mallaka kuwa, sau ɗaya ake samunsa.

Allah ya buɗa maka ta hanyar halal, ya ba ka ƙarfin zuciyar yin maganar nan gobe.