Ƙashin Jakin Lakwal Yana Rumfata

Zuwa ga Mushe Dirakta na lakwal, wato makarantar boko,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Yaya hutu, yaya ruwan bana? Mu nan bakin kasuwa sai godiya. Gero ya fid da kai, kogi ya kawo, sauro ma ya samu rabonsa.

Bayan haka, ni ne Abdu Tela, mai keken ɗinki a rumfar da ke kallon hanyar gangare zuwa bakin ruwa, uban Isiyaka na ajin manya. In sunan bai tuna maka kowa ba, dubi wandon kakin ɗalibanka: duk wanda ka ga ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, aikina ne. Ni ma na taɓa zama a kan bencinku, zamanin da ake kamun yara a kai lakwal kamar ana kamun kaji. Na koyi baƙaƙe, na koyi "wi mushe", wato "to, ranka ya daɗe", muna isa lissafin rabawa sai ya raba ni da lakwal. Saboda haka Faransancina ya isa in gai da Bature, bai isa in yi masa gardama ba. Gardama kuwa ita ta kawo ni, shi ya sa na rubuta da Hausa. Tafinta zai karanta maka, ina roƙonsa kada ya rage gishiri. Na kuma manna irinta a jikin rumfata, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Kwanan baya gardi, dogarin da kake aika, ya kawo mini saƙonka. Ya ce ka ce Isiyaka malalaci ne mai taurin kai, ya daina zuwa lakwal tun kafin hutu, ya kuma gudu da kayan lakwal. In ban kawo shi da kayan ba, za a soke sunansa, ba zai zauna jarrabawar satifika ba, ni kuma in je in yi wa Kwamanda, Baturen mulki, bayani. Ya faɗi wannan da babbar murya a gaban masu jiran ɗinki, sannan ya tuɓe rigarsa ya ce in sa mata maɓalli. Na sa. Ga amsata.

Na farko, ina so ka san yaron da na kawo muku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ni mai surutu ne, Isiyaka ya fi ni. Da uwarsa Hawa yana Dendanci, da ni Hausa, da masu jirgi Zabarmanci, in mai nono ta zo ya taya da Fulatanci har ta ƙara masa ludayi don ya rabu da ita. Kakarsa takan ce ya fara magana kafin ya fara haƙori. Wannan yaron na ba ku. Wanda ya dawo mini da sanyin da ya wuce, wani ne dabam.

Na biyu, yadda abin ya zo. Da ciwon ciki ya fara. Kullum da safe ya naɗe a tabarma yana zufa, amma ranar Alhamis da Lahadi, da ba ku karatu, cikin ya yi lamo. Na ce ban taɓa ganin ciwon da ya san ranakun mako ba, wannan ciki ya fi ni ilimi. Na yi dariya, na kora shi lakwal. Daga nan ya rage cin abinci. Ya daina zuwa wanka kogi da abokansa. Barci ya ƙaurace masa, ya wayi gari kamar wanda ya kwana dakan gero. In an buga ƙofa da ƙarfi ya zabura. Wuyan rigarsa kuma kullum a tattaune. In gyara yau, jibi ya koma tsumma. Na ɗora wa ɓeraye laifi, har na aro kyanwa wurin maƙwabta. Kyanwar ta cinye mana busasshen kifi, wuyan riga bai daina lalacewa ba. Ashe yaron ne ke tauna shi, ni tela ban gane ba.

Sai maganar ta fara tsinkewa. Da fari amsa ɗaya-ɗaya, daga baya ɗaga kai da girgiza kai, daga ƙarshe babu. Ka yi masa tambaya ka ga leɓensa na motsi, idonsa ya cika, kalma ta ƙi fitowa. Wata safiya kuma ya sa kaki, ya kai ƙofar gida, ƙafafun suka ƙi. Ya durƙusa nan, bai sake komawa lakwal ba.

Mushe Dirakta, ba zaune muka yi ba. Ya sha maganin tsutsar ciki har tsutsar maƙwabta ta ji labari. Ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi. Matan unguwa suka ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Ƙanena ya ce bulala ce maganinsa. Ni kaina na yi masa tsawa, na ce a gidanmu ba a gadon bebe. Bayan tsawar sai ya daina ko kallona. Gidan da a da ake roƙon mu yi shiru ya zama ana jin tafiyar ƙadangare a kan danga. Hawa ta rame kamar ita ce marar lafiyar.

Na uku, wanda ya gane ciwon. Hawa ce ta matsa muka kai shi likita. Muka samu wani anfirmiye, ma'aikacin jinya, mutumin Dahome, wanda Hausarsa da Faransancina uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya danna ciki, ya leƙa baki, ya duba ido. Yana yi yana ɗan yi wa yaron hira, bai damu da rashin amsa ba. Da ya ambaci lakwal sai ya ga yaron ya zabura, ya cafki wuyan rigarsa. Ya sa shi ya fita ya zauna inuwa, ya juyo gare ni ya ce: "Tela, hanjin ɗanka lafiya lau, amma ciwon gaskiya ne. Tsoro in ya daɗe a zuciyar yaro, ciki yake sauka ya zauna, wani lokaci ya kama maƙoshi. Ba ƙarya yake ba, ba lalaci ba ne. Kada ka doke shi, kada ka tsare shi da tambaya. Ajiye shi kusa da kai, ba hannunsa aiki, ka rufe bakinka." Na ce masa wannan na ƙarshen ya fi kinin ɗaci, ko akwai allurarsa? Bai yi dariya ba. Ya ce mu riƙa dawowa yana ganinsa, in kuwa ya ƙi abinci sam, ko ya nuna ya gaji da duniya, in bar keke da allura in kawo shi a take.

Na huɗu, yadda bakin ya buɗe. Na ajiye shi a rumfa yana sa maɓalli. Haka muka ci bazara, ni da shi da ƙarar keke. Tambaya dai na daina, amma labari ba zan iya dainawa ba, ko anfirmiye ya san ba a hana kaza tono. Ina da labarin dorinar da ta bi jirginmu wajen Tunuga ina saurayi, wanda duk mai kawo ɗinki sai ya biya kuɗinsa da kunne. Ranar da aka yi ruwan shuka, wani mai gishiri daga Junju ya kawo riga, na ɗauko masa labarin. Na ji daɗin bakina, na ce dorinar ta ciji jirgin ta raba shi biyu, na iso gaɓa a kan rabi. Sai na ji wata ƴar murya a bayana, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba: "Baba, bara ka ce filafili kawai ta ciza."

Mushe Dirakta, na ɗinke hannun rigar mutumin nan ruf, ban sani ba. Shi kuwa ya zura mini ido, ya kasa gane telan da ɗansa ya ƙaryata shi a gaban baƙo, yana hawaye yana hamdala. An ƙaryata ni a garin nan ba adadi, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ban waiwaya ba, don kada in tsorata maganar ta koma. Na ce, "To, filafilin ne, amma babba ne." Daga ranar na shiga ƙara wa dorinar girma da gangan, shi kuma yana rage ta. Yau ta haɗiye bindiga, gobe ta yi Dendanci. Da haka magana ta dawo, tsinke-tsinke. Hawa ta toya masa ta raba wa yaran unguwa sadaka.

Na biyar, kuma nan ne ƙarata take. Da kansa, ba tare da na tambaya ba, yana zura zare a allura, ya gaya mini abin da ya faru. Ka san sambol, muƙamuƙin jakin nan mai igiya da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana yaren gida. Dokarsa ba ta sake ba tun zamaninmu: ba ka rabuwa da shi sai ka kama wani, wanda ya kwana da shi kuwa da safe ya miƙa yatsu a doka. Wata rana ya faɗa wuyan Isiyaka. Tsoron duka ya sa ya bi amininsa Saini, ɗan mai jirgi, a hanyar gida. Uwar Saini na kwance ba lafiya a lokacin. Isiyaka ya tambaye shi da Faransanci, yaya jikin inna? Saini ya amsa da Zabarmanci, don ba wanda ke ba da labarin ciwon uwarsa da harshen aro. Isiyaka ya cire ƙashi ya rataya masa. Da safe aka doki yatsun Saini a gaban aji, bai yi kuka ba, Isiyaka kawai yake kallo.

Tun daga ranar, in ji shi, in ya buɗe baki sai maganar ta ƙi fita. Da ƙashin ya zagayo ya sake faɗa masa, don benci ya danne masa yatsa ya ce "wayyo inna", sai ya ƙudura ba zai sake rataya wa kowa ba. Ya tura shi cikin riga, igiyar na ƙarƙashin wuyan da yake taunawa. Kullum da safe ya miƙa yatsu. Malaminsu na ganin taurin kai, shi kuwa yana ganin muddin ƙashin na wuyansa ba a dukan wani. Da ƙafafunsa suka ƙi, ya cusa shi cikin buhun ƙyallaye a ƙarƙashin teburina. Wannan su ne kayan lakwal da aka ce ɗana ya gudu da su: haƙoran jakin da ya mutu tun ban yi aure ba.

Ba na ƙin Faransanci. Da ina ƙinsa da ban kai ɗana ba, kuma ina son ya samu satifikan da ubansa ya gani a hannun mutane kawai. Ba na kuma zagin malaminsu, na san shi ma ya rataya ƙashin nan yana yaro. Amma dokar da ta ce yaro ba ya tsira sai ya yi wa abokinsa tarko, ba harshe take koyarwa ba, tsoro take shukawa. Wani yaron ya sha dukan ya manta kafin azahar. Wani kuma, irin nawa, abin ya shige masa ciki ya zauna. Ba duk ƙwarya ke jure faɗuwa ɗaya ba.

Alhamdu lillahi, yau Isiyaka na ci, yana barci, ya koma wanka kogi. Ni na je na nemo Saini da dabarar zan auna masa riga. Suka zauna ba wanda ya kalli wani, can Isiyaka ya roƙe shi ya yafe masa. Saini ya ce, "Kai, wannan duka ne? Zo ka ga na babana in na ɓatar da ƙugiya." Uwar Saini ma ta warke, ta miƙe. Amma ba zan ɓoye maka ba, ciwon bai tafi duka ba. Ranar da gardinka ya zo, yaron bai ci tuwo ba. Duk da haka shi da bakinsa ya ce yana son komawa in an buɗe.

Saboda haka ga roƙona. A bar sunansa, a karɓe shi. A ɗan ɗaga masa ƙafa da fari, kada a tsai da shi gaban aji ya yi hadda sai muryar ta yi ƙwari, a kuma zaunar da shi kusa da Saini. In malami ya ga yaro mai surutu ya yi shiru, ko mai ciwon cikin safe, ko mai fara'a ya koma faɗa da kowa, kada ya ce ladabi ya zo ko iskanci ya zo. Ya kira uban yaron su yi magana, ko ya tura shi likita. Gardi bai san maganin wannan ba. Ku ma iyaye masu karanta wannan a jikin rumfata, kada ku aro kyanwa.

Saura maganar ƙashi. Na so in maido maka, sai na tuna doka. Doka ta ce wanda aka kama yana Hausa shi ke rataya shi. To ga shi na cika takarda da Hausa, na sa hannu, na manna a kasuwa. Ka kama ni dumu-dumu. Na rataya shi a kan kekena, kuma doka ba ta tilasta mini in kama wani ba. Tun da daga asuba zuwa magariba bakina ba ya hutawa da Hausa, ban ga ranar da zai bar rumfar nan ba. In duka ya wajaba, ga yatsuna kowace safiya, sai dai a bar mini na dama, da su nake ɗinka wa ɗalibanka wando.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ba ka haƙurin zama da ƴaƴan mutane, ya sa naka ƴaƴan su cika maka gida da surutu har ka roƙe su su yi shiru. Yanzu na san wannan addu'a ce babba.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Abdu Tela, uban Isiyaka.

Wassalam.