Fuskar Jikana a Kan Yadin Shafi

Namiji ne! 'Yarka ta sauka lafiya, na zama kaka!

Ka gafarce ni, Direba, na faɗo maka babu sallama, kamar yadda kake shan kwana a da babu hon. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya gwiwar nan taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Ka san ni a waya, daga "to" sai "to" har a kashe. Kuma malamin makarantar yamma ya sha wahala kafin ya koya mana riƙe biro da furfura a kanmu, ina rubutu kana gyangyaɗi a gefena. Ba zan bar wahalarsa ta tafi a banza ba.

Ka san shekarun da yarinyar nan ta yi tana jira, ita da mijinta, a can nesa inda aiki ya kai su. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Da labarin ya zo ina kan keken ɗinki, sai na tashi na bar wandon wani bawan Allah da ƙafa ɗaya. Na zaga layinmu kaf ina faɗa wa mutane, har da mai shagon da ba ma ga maciji da shi. Mutuniyarka kuwa, uwargidana, tuni ta ce ta yi sabon miji, ni in tattara almakashina in san inda dare ya yi mini. Na ce to, mu ga ko sabon angon zai iya ɗinka mata ko ɗankwali.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Idon mutuniyarka ya ƙara lalacewa. Likita ya ce irin wannan ba a yi masa aiki, sai dai magani ya rage masa gudu, kuma ɗan hasken da ya saura ba zai daɗe ba. Yanzu abu sai ya zama babba mai haske take ganinsa. Su kuma can an ce jaririn ba zai yi doguwar tafiya ba sai ya yi ƙwari, ga mijin ba shi da hutu.

Sun kira mu ta bidiyo don mu gan shi. A fuskar waya kansa bai wuce maɓallin riga ba. Mutuniyarka ta karɓi wayar ta kai ta har bakin hancinta, tana ta yaba kyansa, tana cewa tubarkalla, ga gashi, ga hanci. Direba, wayar ta riga ta mutu a hannunta tun tuni, baƙin gilashi take yi wa magana. Na shiga shago na rufe ƙofa na ɗan jima.

Da na faɗa wa surukina, yaron kirki, sai ya ce kada in damu. Wai zai aiko da majigi irin na gida, da lasifikoki, a riƙa haska jaririn a bango, fuskarsa ta cika falo. Ni dai rabona da majigi tun muna samari. Ka taya mu addu'a kayan su iso idonta na nan.

Ka gaida uwargida da yara. Ka ce mata ta fara shirin barka.

Amininka,
Tela

*

Assalamu alaikum, Direba.

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu amsarka, na gode da addu'a. Rubutunka dai har yau kamar kaza ta taka tawada, amma na karanta duka. Na ji daɗi da ka ce gwiwar ta lafa.

Kayan sun iso, kuma na yi ɓarna. Bari in ba ka labari tiryan-tiryan.

Na kira mai gyaran talabijin na bakin layinmu, wanda muke ce wa Fiyus, ya zo ya buɗe kwalayen. Majigin ɗan ƙarami ne, bai fi akwatin zarena ba. Akwai ƙananan lasifikoki, da wata babba baƙa mai gurnani wadda ake ajiyewa a ƙasa. Kafin mu juya, mutuniyarka ta laluba ta ɗora mata tire da fulas, wai ta samu tebur. Fiyus ya roƙe ta da girman Allah ta sauke.

Mutumin ya san aikinsa. Ya kafa wa majigin katako a saman bangon baya, ya bi da wayoyin ta gindin bango don kada ƙafarta ta harɗe. Lasifika ɗaya ya sa a tsakiya daga gaba, ya ce ta nan muryar mai magana za ta riƙa fitowa, kamar daga bakinsa. Sauran ya rarraba su hagu da dama da bayan kujera. Ya liƙa wata 'yar kyamara don su ma can su riƙa ganinmu. Ya ce haske ne abokin gabar majigi, ni kuwa na ce wannan aikina ne. Na ɗinka labule masu kauri, baƙaƙe, yanzu da tsakar rana falonmu kamar cikin tulu.

Saura allon da za a haska. Bangonmu shuɗi ne, ga tsaguwa. Surukina ya ce a sayo allo na kanti. Na ce ina raye, ina da keke, a shigo da ɗinkakken yadi gidana? Fiyus ya ce to, farin yadi kawai zan samu, shi yana da aiki a wani gari, sai ya dawo.

Farin yadi ya ce. Ni kuma na ce a raina, fuskar jikana ce za ta hau kansa, ba kowane tarkace ba. Na buɗe akwati na ɗauko wanda ya fi kowanne a wurina, fari tas mai sheƙi, da fulawoyi a cikin saƙarsa, irin wanda sai haske ya taɓa shi suke bayyana. Na daɗe ina ɓoyonsa. Na yi masa kalmasa, na zagaye bakinsa da aiki, na goge shi har yana ɗaukar ido. Ranar da za su kira na rataye shi.

Na zaunar da mutuniyarka a kujerar gaba, na ja labule, na danna abin da Fiyus ya nuna mini. Sai ga muryar 'yarka ta cika ɗakin, har mutuniyarka ta waiga tana nemanta a bayanta. Sannan aka kawo jaririn kusa.

Direba, fuskar ta fito ƙatuwa, amma duk fulawoyin nan sun hau kanta. Goshi, kumatu, haɓa, ko'ina tabo-tabo yana ƙyalli. Ni mai ido na san yadi ne. Ita kuwa ta daɗe tana kallo. Can ta tambaya a hankali, tun yaushe ƙurajen nan suka fito masa. 'Yarka ta ce waɗanne ƙuraje, Mama? Sai mutuniyarka ta miƙe, ta dafa bango ta fita.

Tun ranar abinci sai an yi da gaske. Na yi bayani har bakina ya bushe, 'yarka ta rantse mata a waya, duk a banza. Ta ce tun da idonta ya raunana kowa ya mai da ita yarinya, ana ɓoye mata magana ana cewa lafiya lau. Ta ce yanzu ta gane abin da ya hana su zuwa, yaron ba shi da lafiya ne. Ta ce ba za ta ƙara shiga falon ba, abin da ta gani ya ishe ta.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, idan hasken idonta ya ƙare a haka, wannan fuskar ce za ta zauna mata har abada, kuma da hannuna na ɗinka ta. Ka yi mini addu'a, kada ka yi mini dariya tukuna.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Naka,
Tela

*

Assalamu alaikum wa rahmatullah, aminina.

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yanzu kana iya yin dariyar, na ba ka izini. Alhamdu lillahi, ta gan shi.

Fiyus ya dawo ya ga aikina, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce Baba Tela, allo aka ce ka yi, ba rigar ango ba. Ya ce majigi ba ya son sheƙi, ba ya son ado, yadin da ya fi kowanne rashin kwalliya shi yake so. Na ce ashe majigin ya fi wasu kwastomomina hankali.

Na daina yi mata bayani. Wata safiya tana zaune a baranda, na sauko da yadin, na zo na shimfiɗa mata a cinya. Ka san matar nan ta yi shekaru tana ninke mini kaya, yatsunta sun san yadi fiye da idon mutane da yawa. Ta shafa shi. Ta sake shafawa. Na ga yatsanta ya tsaya a kan fulawa ɗaya, ya bi ta ya zagaye, ya koma ta kusa da ita. Sai ta ce, wannan ka rataya? Na ce shi ne. Ta ce wanda na hana ta ɗinkawa shekarun baya, na ce sai babbar rana? Na ce shi ne dai. Sai ta faɗa mini maganganun da ba zan sa a takarda ba, don malaminmu bai koya mana rubuta irinsu ba. Amma tana yi tana dariya, hawaye na zuba.

Ita da kanta ta ce in kai ta shago. Ta bi bandir-bandir da hannu, ta wuce duk masu tsada, ta tsaya a kan farin yadin shafi, wanda nake yin aljihu da cikin riga da shi, wanda ba mai ganinsa. Ta ce wannan ba shi da abin da zai ƙara wa yaron. Faɗinsa bai kai ba, dole na haɗa biyu, amma na kai ɗinkin can ƙasa don kada ya ratsa hancin kowa. Kafinta maƙwabcinmu ya yi mana firam, ya ƙi karɓar komai, wai nasa barkan ke nan. Muka ja yadin muka ɗame shi kamar ganga, ita tana riƙe da gefe ɗaya tana ba mu umarni.

Da la'asar suka kira. Fiyus ya tsaya yana murɗa idon majigin a hankali har hoton ya zauna. Aka kawo jaririn.

Ban san yadda zan rubuta maka wannan ba. Fuska ce sumul, ta fi tsayina, yana hamma. Har 'yan gashin girarsa ana gani. Mutuniyarka ta tashi ta matsa kusa, inuwarta ta rufe rabin hoton, Fiyus ya nuna mata ta tsaya daga gefe. Ta fara daga goshi. Ta ce wannan goshin mahaifinta ne, Allah ya jiƙansa. Ta sauko kan idanu, ta daɗe a nan. Da 'yarka ta so ta juya shi, sai mutuniyarka ta ce a'a, a bar mata shi haka, haddace shi take yi. Sai yaron ya yi atishawa, babbar lasifikar nan ta yi gurnani har tagogi suka amsa, kafinta da ya tsaya kallo ya zabura ya yi hanyar ƙofa. Ta ce ka ji muryar maza, ba irin ta wasu ba.

Yanzu kullum sai sun kira, kullum tana ƙara haddarta. Ni kuma na zama yaron majigi. Na ɗinka masa riga, amma Fiyus ya ce in cire ta duk lokacin da yake aiki, don ta gefe yake numfashi, in ya yi zafi ƙwansa zai mutu. Ya hana ni kaɗe yadi a kusa da shi saboda burbushin zare. Gilashin idonsa kuwa da ƙyalle mai laushi nake gogewa, yadda ban taɓa goge tabarauna ba. Allah ya saka wa surukina da Fiyus da kafinta da alheri. Ban san da bakin da zan gode musu ba.

Ga kuma abin da ya sa na matsu in rubuto. Jiya bayan sun kashe, na danna wani wuri bisa kuskure, sai kyamarar ta juyo da falonmu kan allon. Na ga wani tsoho ya cika bango yana zare ido, ashe ni ne. Mutuniyarka ta tsaya tana kallona. Ta ce rabonta da ganin fuskata sosai har ta manta. Ta ce in cire hula, na cire. Ta ce in yi murmushi, na yi. Ta ce, ashe haka ka tsufa ba ka faɗa mini ba? Ta sa na zauna a gaban kyamarar nan har wuyana ya ƙage, kuma ban motsa ba.

Da safen nan ta fara lissafa mutanen da take so a zaunar mata a wurin, kuma kai ne na farko. Don haka ka shirya, Direba. Ka taho da uwargida da yara da jikoki, ka biya ka ɗauko duk wanda ya rage a 'yan ajinmu, ko da sanda yake tafiya. Falon ƙarami ne amma za mu matsa. Ku zo ku ga jikana a bango, ita ma ta gan ku ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce sai gwiwa ta warke. Ka zo da ita haka, kuma ka aske gemun nan kafin ka iso, don komai fitowa yake yi.

Amininka mai godiya,
Tela, kakan yaro