Zomanya Mai Tsagaggen Kunne

Yako, Ƙiru.

Zuwa ga ɗana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma ruwan Fatakwal bai sa maka sanyin ƙashi ba. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. An kai dawa rumbu, ƙanwarka Hamdiyya, kamar yadda ka ji, ta sauka lafiya, an samu mace, gwiwata kuwa tana nan tana gardama da ni kamar kullum.

Maganar zomaye ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna ƙaton farin namijin nan mai jan ido da ka aiko shekara uku da suka wuce, ka ce a haɗa shi da 'yan gidan da marigayiya mahaifiyarka ta bari. Gaskiyarka ce. Ruwa-biyun da aka fara samu, a wata huɗu sun kai nauyin da namu ba sa kaiwa a wata bakwai, in an feɗe kuwa cinya cike da tsoka, ba ƙashi da kunne kawai ba. Sun ɗauko jikin uba da juriyar uwa, don zafin bazarar da ya kashe uban, su ko a jikinsu.

Sai ka ce a yanke duk wanda ba fari ba. Na bi. Ta ƙarshe ita ce tsohuwar nan mai ruwan toka. Ka san mahaifiyarka 'yar ruga ce, ba ta yarda dabba tata ce sai ta tsaga mata kunnen hagu sau biyu, yadda mahaifinta yake yi wa shanu. Tana jinya ta ce kada in bari irinta ya ƙare. Duk da haka na sa wa zomanyar wuƙa, naman kuwa ban ci ko tsoka ɗaya ba.

Tun daga nan farare suke barbarar junansu, wa da ƙanwa, har jiki ya fara ja baya, mai haihuwar takwas ta koma huɗu. Wata biyu ke nan wata fara ta haifi biyar. Da gashi ya fito, huɗu farare, ta biyar ruwan toka. Abdulganiyu malamin gona ya ce ba abin mamaki ba ne, launi yakan ɓuya a jini ya fito a jikoki. Sai na ɗaga masa kunnenta na hagu. Tsaga biyu, a warke, daidai wurin. Ya daɗe yana dubawa, ya ce wataƙila uwar ce ta ciza. Na ce lallai uwa mai hankali, har da awo. Bai tsaya shan ruwa ba.

Ita mai ruwan tokar ba ta ci daga hannuna. Da hantsi, in 'yan'uwanta sun rufu a kan harawa, ita sai ta zauna ta zuba wa ƙofar ɗakin mahaifiyarka ido, ɗakin da yake kulle, daidai lokacin da takan fito da dusa. Na girma a kan tabarmar tatsuniya, na sha jin wayon zomo, amma ban taɓa jin wanda ya dawo bin alkawari ba.

Ƙaninka Abba, da ya ba ka labarinta, ya isar da saƙonka, cewa a haɗa ta cikin na yankan sunan jaririyar Hamdiyya. Ba zan yanka ba. Na aika ƙauyen Ba'awa a nemo mata namiji ɗan gida, ko da 'ya'yan ba za su yi nauyi ba.

Ka gaida Lubabatu da yara. Baffanka Isa da Hasana suna gaishe ku. In kana ganin tsufa ne ya taɓa ni, ka zo, wuƙar tana inda ka sani. Amma ka fara duba kunnen.

Mahaifinka,
Sale.