Saje ya sa wa kwantena kwaɗo, makullin kuma yana hannuna

Assalamu alaikum Hajiya Asabe. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, domin in ta zo ban yi komai ba, ina tsoron abin da idona zai gani. Ki sakaya sunana. Ni mutumin Funtuwa ne, shekarata biyar a Doha ina aikin gadi a wani kamfanin ajiye kaya da ke bayan unguwar Mesaimeer. Mu goma sha ɗaya ne masu gadin, ni ne mataimakin shugabanmu.

Shugaban namu Bature ne ɗan ƙasar Ostireliya, tsohon soja. Sunansa Daril, amma kowa Saje yake ce masa. Kafin in faɗi laifinsa bari in faɗi alherinsa, kada in ci haƙƙinsa. Shekarar da na zo, zafi ya kayar da ni a bakin ƙofa, shi ya saɓa ni a kafaɗa ya kai ni asibiti, ya zauna har na farfaɗo. Da azumi shi yake sauya mana lokacin aiki ba tare da mun roƙa ba. Ranar da aka bugo mini waya mahaifiyata ta rasu, bai bar ofis ba sai da aka sa hannu a takardar hutuna. Ban taɓa aiki a ƙarƙashin mai adalci kamarsa ba.

Bara, wata Juma'a bayan la'asar, ya ce in raka shi kasuwar Souq Waqif. Muka zauna shan shayi, sai ya ba ni labarin da ya ce bai taɓa ba kowa ba a ƙasar nan. Sau biyu aka tura shi yaƙin Afghanistan. A zuwa na biyu motarsu ta taka nakiya, abokinsa da ke gefensa, wani mai suna Tomo, ya mutu nan take, shi kuwa ya fito ko ƙwarzane babu. Amma tun daga ranar kansa bai sake zama daidai ba. Ciwon kai, jiri, wani lokaci ya ɗauke kamar an kashe fitila. Ya ɓoye, don kada a mai da shi gida ya bar 'yan'uwansa a fagen daga. Wata rana aka sa shi gadi, ya yanke jiki ya faɗi, aka same shi kwance. Aka gurfanar da shi da laifin barci a bakin aiki. Ya ce ciwo ne, amma da yake bai taɓa kai kansa wajen likita ba, babu shaida. Aka cire masa igiya, aka kulle shi kwana goma sha huɗu, aka mai da shi gida da baƙin suna. Sai bayan shekara biyu aka gano girgizar nakiyar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kafin nan matarsa ta kwashe 'yarsu ta tafi.

Ya ce in kamfani ya san wannan, ba za su bar shi ya kwana a aikin ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, na kuwa rantse da Allah. Ni kaɗai na san yana shan magani, a cikin gwangwanin ganyen shayi yake ajiye shi a ofis.

Wata huɗu ke nan gwangwanin bai motsa ba. Da na yi masa magana, ya ce maganin yana kashe masa jiki, ya warke, khalas, wato shi ke nan. Tun daga nan, Hajiya, mutumin ya fara zama wani daban. Ya dawo da faretin safe, yana duba takalmanmu da maɓallan riga, wanda ya makara da minti ɗaya ya zagaya sito da gudu. Sau biyu ina gefensa a mota, wajen unguwar Nu'aija, ya hango buhu a gefen titi ya taka birki kamar ya ga nakiya, ya daskare riƙe da sitiyari, motoci na ta yi mana oda, zufa na zuba daga fuskarsa. Akwai wani dattijo a cikinmu, Gariba, Bahaushen Kumasi, mai ciwon suga. Shi Saje ya fara kira da sunan Tomo. Da farko mun ɗauka wasa ne. Ni da na san waye Tomo, na san ba wasa ba ne.

Ranar Litinin da ta wuce da hantsi, jiri ya ɗebi Gariba, ya zauna a dakalin ƙofa ya jingina da bango. Saje ya zo ya same shi ido rufe. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da sauƙi. A hankali ya ce barci ne a bakin aiki, ya sa shi ya tsaya ƙam a tsakiyar fili cikin rana, da hula da takalmi, ya ce sai bayan awa biyu. Kin san zafin Doha a watan Yuni. Muna tsaye muna kallo. Ko rabin awa ba a yi ba Gariba ya zube. Na karya umarni na ja shi inuwa, muka kira motar asibiti. A ofis aka rubuta cewa sugansa ne ya tashi, kuma babu wanda ya musa, har da ni.

Washegari na ga Saje yana kwashe tarkace daga wata tsohuwar kwantena da ke bayan sito, ta ƙarfe, ba taga ba fanka. Ya share ta tas, ya shimfiɗa kwali, ya ajiye bokiti, ya maƙala sabon kwaɗo ta waje. Sannan ya kira ni ya danƙa mini makullin, yana kallon wani wuri a bayan kaina.

"Na gaba da ya yi barci, kwana goma sha huɗu. Haka doka take. Ni ma na yi, ban mutu ba."

Na ce masa, Saje, wannan ƙarfen da rana ko akuya aka sa a ciki ba za ta kai azahar ba. Sai ya ce in ina tunanin kai shi gaba, in sani ranar da aka sake korarsa ba zai kai filin jirgi da rai ba.

Gariba zai dawo aiki ranar Asabar, kuma na san jirin nan zai sake ɗibarsa. In na yi magana na karya rantsuwa, na ci amanar wanda ya ɗauke ni a kafaɗarsa, watakila ma in zama sanadin ajalinsa. Kuma ni baƙo ne, maganata da ta Bature wa za a ɗauka? In na yi shiru, da hannuna za a ce in buɗe ƙofar nan. Me zan yi?

Mai gadi a Mesaimeer

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ajiye sauran na fara da taka.

Abu na farko, makullin nan kada ya koma hannun Saje, kuma kada ka buɗe wa kowa ƙofar nan, ko da zai kore ka a kai. Umarnin da zai kashe mutum ba a binsa. In aka sa rai a ciki ya salwanta, kai da ka murɗa kwaɗon za a fara tambaya, a nan duniya da gobe kiyama. Yau ɗin nan ka je wajen Gariba ka gaya masa abin da ka gani, ya roƙi likitansa ya ƙara masa hutu. Kada ya taka wurin nan ranar Asabar.

Batun rantsuwa kuma, na tambayi malami kafin in amsa maka. Wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga riƙe rantsuwar zai jawo cuta, ya saki rantsuwar ya yi kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in bai da hali ya yi azumi uku. Ka rantse za ka rufa wa mara lafiya asiri a lokacin da yake shan maganinsa bai cutar da kowa. Ba ka rantse za ka tsaya kana kallo a kashe dattijo ba.

Ban ɗauki Saje mugu ba, kai ma kada ka ɗauke shi haka. Mutum ne da ciwo ya kayar, aka hukunta shi a kan faɗuwar, yanzu kuma ciwon yana sa shi ya maimaita hukuncin a kan wani. Ka lura, ɓoyewa ce ta kai shi ga kwana goma sha huɗun nan tun farko. In ka taya shi ɓoyewa a karo na biyu, ba gata ka yi masa ba, domin abin da ke jiransa in Gariba ya mutu ya fi kora nesa ba kusa ba.

Kada ka tunkare shi kai kaɗai, kada kuma ka yi masa barazana. Ka ɗauki hoton kwantenar da kwaɗonta. Ka samu biyu ko uku cikin waɗanda suka ga abin da ya faru ranar Litinin, ku rubuta shi yadda yake, da rana da lokaci, ku sa hannu, ku kai wa jami'in kula da lafiyar ma'aikata ko babban manaja, ku riƙe kwafi. Abin da idanunku suka gani ya isa, ba sai ka baza labarin yaƙinsa a ofis ba. Wannan ka keɓe shi ga likita kaɗai, tare da batun barin magani, da kuma maganar da ya yi ta filin jirgi. Wannan maganar kada ka raina ta. Ka faɗe ta kalma da kalma, ka roƙi kada a bar shi shi kaɗai ranar da za a kira shi, a kuma nemi ofishin jakadancin ƙasarsu don a haɗa shi da danginsa da masu kula da tsofaffin sojoji.

In kamfani ya yi kunnen ƙashi, ku wuce ma'aikatar ƙwadago. Ƙasar da kake tana da doka a kan tsayar da ma'aikaci cikin rana a watannin zafi, kuma takardar mutum huɗu ba a ture ta kamar maganar mutum ɗaya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, watakila ya rasa aikinsa, watakila ya daɗe bai yafe maka ba. Ka jure wannan. In an ba ka dama ka raka shi asibiti, ka raka shi, ko da bai kalle ka ba. Gobe da safe ka fara haɗa takardar, kada ka jira Asabar.

Allah Ya ba Saje lafiya, Ya tashi kafaɗar Gariba, Ya ƙarfafa maka zuciya, Ya mai da ku gida lafiya.

Hajiya Asabe