Hannun da Za a Danna a Hasumiya

Faransa, 9 ga Mayu 2006

Yaya Zabeirou,

Gaisuwa da ladabi. Ya Anti Saadatou da yara? Kamar yadda ka ji, an kawo ni nan wata uku in koyi gyaran tsofaffin gine-gine. Shantiye ɗinmu, wato wurin aikinmu, wata coci ce a ƙauye, shekararta ɗari takwas, duk dutse. Madam Roseline, shugabar aikin, ta hau da ni sama ta nuna mini wasu 'yan zane a jikin duwatsun, wani kibiya, wani tauraro. Ta ce kowane magini na da alamarsa. Sai na ba ta labarin gidanmu, yadda in an gama yaɓen hasumiyar tsohon masallacin garinmu, magajin aikin yake danna tafin hannunsa a ɗanyar laka can ƙololuwa. Har rubutawa ta yi.

Baba ya aiko cewa bayan damina za a yi yaɓen, kuma gwiwarsa ba ta hawa yanzu. Ya ce ni zan danna hannu.

Ƙanenka, Kader

Greensboro, 28 ga Mayu 2006

Kader,

Muna lafiya. Na ga wasiƙarka da hoton, kana sanye da hular ƙarfe kamar kai ka gina cocin. Sannu da ƙoƙari. Ashe wanda yake amai in ya hau tsani ne yau Turawa ke rubuta maganarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci, kuma kishi nake ji. Shekara goma sha ɗaya ina kwaɓa wa Baba laka kana makaranta kana cin ƙosai. Ni na san azarar da ke motsi a hawa na uku, ni na san inda ruwa ke cin bangon gabas. Tun kakan kakanmu ɗan fari ke danna hannu. Ko Madam ɗinka ba ta rubuta wannan ba?

Ka faɗa wa Baba a jira ni. Hasumiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ba za ta faɗi don damina ɗaya ba.

Yayanka, Zabeirou

Faransa, 20 ga Yuni 2006

Yaya,

Allah ya huci zuciyarka. Na kira gida na faɗa wa Baba saƙonka. Dariya ya yi. Ya ce, "Zabeirou da ke gina wa Amurkawa fada da dutse, shi za a kira ya zo ya taɓa laka? A bar shi ya yi babban aiki, ƙaramin ya ishe mu nan."

Ka san hoton da ka aiko shekarar da ka tafi, kana tsaye gaban gidan nan mai hasumiya biyu da ka ce kai ka gina? Yana zaure a cikin gilashi. Duk baƙon da ya shigo sai Baba ya tashe shi ya duba. Ko limamin da ya zo yi mini addu'ar tafiya, hotonka aka fara nuna masa.

Jiya an kai mu wata tsohuwar fadar yaƙi a kan tudu, kaurin bangonta ya kai taku huɗu. Na ce a raina, Yaya dai ya saba da irin wannan.

Kader

Greensboro, 15 ga Yuli 2006

Kader,

Sallama. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa. Saadatou ce ta ce in rubuta in huta.

Ban gina gidan nan ba. A Irving Park yake, unguwar masu hali, kuma ciyawa na je yankewa ranar da aka ɗauki hoton. Daga baya na samu aikin gini, in dai gini ne. Nan gida katako ne da kwali. Dutsen da ka gani a hoton bai fi kaurin tafin hannu ba, a kwali ake kawo shi, mu shafa siminti mu manna kamar tayil. Hasumiyar ma ba a hawanta, ciki babu komai. Bos ɗinmu kullum "hurry up, hurry up", gida ɗaya sati biyu. Shekara bakwai ban taɓa abin da zai kai jikana ba.

Ka ga dalilin da hotonka ya ƙone ni. Kai kana shafa dutsen gaske, ni ina manna na ƙarya, kuma da bakina na sayar da gadona.

Takarduna na izinin zama ba su fito ba tukuna. In na fita yanzu ba zan iya dawowa wurin yara ba. Lauya ya ce baɗi, in Allah ya so. Don Allah, da ka isa gida ka karanta wa Baba wannan, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Gara ya ji kunyata da ya cire ni saboda alfahari da ni. Na san shi, in ya ji gaskiya zai jira. Shekara ɗaya kawai nake roƙo, ƙanena.

Zabeirou

Gida, 30 ga Oktoba 2006

Yaya,

Kowa lafiya, Baba yana gaishe ka.

Ban karanta masa ba. Ni ma na san shi, da ya ji da ya jira ka. Kana Amurka shekara bakwai, amma ni da nake ɗaukar masa buta kullum bai taɓa tashin baƙo ya nuna ni ba.

An gama yaɓe ranar Asabar. Na hau, na danna hannu, ban yi amai ba. Baba yana ƙasa a kan kujera, ya ɗaga kai yana kallona har na sauko.

Ka yafe mini in za ka iya.

Kader