Wasan Taubashi Ya Ja Min Magana a Gidan Surukai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya gama kullewa.

Ni budurwa ce, a wani ƙauye nake ta wajen Minjibir, ina koyarwa a firamaren garinmu. Akwai wanda yake nemana da aure, ɗan Ɗambatta ne, yana sayar da taki da maganin feshi. Manya sun shiga maganar, an kawo gaisuwar iyaye, saura sa rana, an ce sai an gama girbin dawa.

Lokacin cirar gyaɗa na kai abinci gonar Babanmu, ƙanwata ta ɗauke ni hoto da malafa a kaina, ƙafafuna duk ƙasa, ina ƙyalƙyala dariya. Hoton ya burge ni, na ɗora a shafina. To ina da wani taubashi, ɗan goggona, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu lafiya, ina ce masa ɓarawon kaji yana ce min mahaukaciya. Sai ga shi ya yi komen, wai: "Kai, sauƙi ya samu! Yaushe aka kwance ki daga turu? Jama'a a riƙe ta kar ta nufi kasuwa." Na yi dariya, na rama, na manta da zancen.

Ashe yayar saurayin nawa, wadda ba ta taɓa ganina ba, da aka ce ta yi bincike a kaina shafina ta fara leƙawa. Shi kuma ɗan banzan taubashin nan hoton da ya sa a nasa shafin da farar babbar riga ne da carbi, ka rantse wani limami ne. Ta yi sikirinshot na hoton da maganarsa, ban da amsar da na ba shi, ta tura gurup ɗin danginsu. Ganina na farko da suka yi ke nan. Saurayin nawa ya yi ta rantsuwa cewa lafiyata ƙalau, suka yi kaca-kaca da yayar, har yanzu ba sa magana.

Na kira taubashin ina kuka na zazzage shi tas, jikinsa ya yi sanyi. Ya hau babur har Ɗambatta, ya durƙusa gaban Hajiyar saurayin ya yi bayani. Ta ce masa: "Na san wasan taubasai, yaro, ni ma ina da su. Amma duk tsiyar duniya me ya sa hauka ka zaɓa?" Daga nan ta aiko cewa ranar Juma'a in je in gaishe ta, in faɗa mata da bakina, tsakanina da Allah, ko an taɓa samun mai taɓin hankali a gidanmu.

Nan ne matsalar take. Innata, bayan ta haifi autarmu, ta yi rashin lafiya, ba barci, tana surutai ita kaɗai. Baba ya kai ta asibiti a Kano, ya ce wa mutane hawan jini ne. Ta warke sarai shekaru da yawa, tana sana'arta ta ƙuli-ƙuli, ko ɗaga murya ba ta yi. Daga ni sai Baba sai goggo muka sani, shi kansa taubashin bai sani ba, saurayin ma haka. Na faɗa wa Baba saƙon Hajiya, ya ɓata rai ya ce in je in ce babu, ba a tona asirin uwa saboda miji. Inna kuwa ba ta san abin da ake ciki ba, jiya ma ta kira ni ɗaki tana nuna min zanin gadon da ta saya min, da ƙyar na riƙe hawayena.

Wallahi ina son yaron nan, kuma tsoro nake ji. In na ce babu, na yi ƙarya da sunan Allah, kuma in shiga gidansu kullum gabana yana faɗuwa. In na ce akwai, wataƙila auren ya tashi, kuma mutanen da suka yaɗa hotona a kan wasa ba za su rufa wa gaskiyar asiri ba, sai Inna ta ji ana nuna ta a gidan biki.

Iyayena mata da ke gurup ɗin nan, in 'yarku ce ni, me za ku ce in faɗa wa Hajiya? Ko in haƙura da auren tun kafin a yi min tambayar, Inna ta tambaye ni dalili in rasa abin da zan ce mata?