Gajerar Kuɓewar Inna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ladabi zuwa gare ki a makwancinki, da fatan kina cikin rahama. Mu nan Maradi lafiya lau muke, sai kewa. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma labarin nan ya cika mini ciki, in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa?

Inna, kuɓewarki ba ta mutu ba.

Gajerar nan nake nufi, mai ƙaiƙayi, wadda kike shukawa a garkarmu ta Jiratawa. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Duk gindin da ya tsaya kore bayan zafin bazara ya kwantar da sauran, sai ki yagi bakin tsohon zane ki ɗaura masa, wato kada wanda ya tsinka. In ta bushe ki ɓare, ki cuɗa da toka, ki zuba a gora. Kina cewa, "Wadda ta sha wuya ta tsaya, ita zan aje."

Ni na kashe ta a gidanmu, ba wani ba. Na dawo daga lakwal, makarantar aikin gona, da takardata, kaina ya kumbura. Na kawo miki irin gwangwani, doguwa sumul, na ce taki ta mutanen da ce. Kika dube ni, kika rataye gorar a ɗaki. Don kada ɗiyarki ta kunyata gaban mutane kika shuka nawa.

Bayan rasuwarki bazara ta zo da mugun zafi, da ciwon nan mai nannaɗe ganye. Irin gwangwani ya kwanta kaf. Na sauko da gorarki, na shuka duk abin da ke ciki, na yi ta ban ruwa har mako biyu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba, irin ya tsufa. Na zauna bakin garka na yi kuka irin na ranar jana'izarki.

Inna Saratu ce ta fid da ni, ƙawarki ta Tsibiri, wadda kike aika wa naman layya, ita kuma ta aiko mana shinkafa da Kirsimeti. Gaisuwa kawai na je. Ta zuba mini tuwo, loma ɗaya na yi na gane yauƙin. Ashe tun ina goye kika ƙulla mata irin a gefen zane, kamar yadda kike yi wa duk wadda ta yaba miyarki, ita kuwa ba ta taɓa fashin shuka shi a bayan ɗakinta ba. Ta wanke ni tas, ta ce mu 'yan lakwal sai mun zubar sannan mu zo nema. Da ta gama faɗan ta cika mini tafin hannu.

Da shi muka fara aiki, ni da abokan aikina na ma'aikatar binciken noma. Muka haɗa auren taki da doguwar: da yamma mu buɗe furen wannan mu cire namijin, da safe mu shafa masa garin furen waccan. Cikin 'ya'yan da jikokin muka yi ta zaɓe shekara da shekaru, mai jure zafi, mai kaurin tsoka, mai ganye mai laushi da za a yi miya da shi, don shuka ɗaya ta ciyar sau biyu. Ba mu sa mata komai daga waje ba, abin da Allah ya aje cikin jininta ne muka fito da shi. Su suna maƙala takarda mai lamba, ni tsumma nake ɗaurawa. Sun yi mini dariya har suka gaji.

Bana aka shuka ta a garka uku a Jiratawa. Inna, da kin gani! Tsakiyar bazara, garkokin maƙwabta sun yi ja, ita tana tsaye kore shar, matan gari suna ta turo mazansu neman iri. Wallahi na yi alfahari, kuma da ke na yi shi.

Sai ranar da za a yi mata rajista a biro, wato ofishinmu. Darakta ya ce a ba ta haruffa da lamba kamar sauran. Na ce tana da mai ita. Ya ɗaga alƙalami, ya ce to wane suna?

Kin san tun da aka haife ni bakina bai taɓa kiran sunanki ba, ko a bayan idonki. Na tsaya gaban manyan maza. Na ce, 'Yar Hadiza. Na sake faɗa da ƙarfi, don kada mai rubutu ya yi kuskure.

Ki yafe mini wannan rashin kunyar, ki yafe mini ta farkon ma.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa duk tukunyar da kuɓewar nan ta shiga ladan ya iske ki. Ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Amin.

Ɗiyarki ta fari,
Rabi